Me yasa likita zai yanki goshi lafiyayye don ya gyara hanci?

Duk wanda ya taɓa ganin mutum a tsakiyar wannan aikin, ko da a hoto ne, ba zai manta ba. Wani tsirin nama ne ya taso daga tsakanin gira ya lanƙwaso ya zo ya manne akan hanci kamar ƙaramin hannun giwa, ga kuma dogon ɗinki ya haura goshi har gindin gashi. Abu na farko da yake zuwa ran mutum shine likitan nan ya yi gyaran gangar Abzinawa, an zo da ciwo ɗaya an koma da biyu. Kuma wallahi ban ga laifin mai faɗin haka ba, domin kamar sati uku mutum zai yi a wannan yanayin. Amma fa wannan tsirin da ido baya son gani shine yake riƙe da ran sabon hancin, idan aka yanke shi a ranar farko komai zai yi baƙi ya ruɓe. Wanda ya gane dalilin haka to ya gane kusan duk abinda ake yi a tiyatar sake gina fuska.

Kafin nan, su waye ma ake yiwa? Ba masu neman ƙarin kyau bane. Mutanen da aka cire musu kansar fata ne, kuma hanci na daga cikin wuraren da ta fi kamawa saboda shine ya fi fitowa rana na dukansa, masu farar fata da zabiya sun fi shan wahalarta. Sai haɗarin mota, cizon kare, cizon ɗan adam ma a wajen faɗa, ƙuna, harbi, da cutar noma mai zaizaye baki da kunci da hancin ƙananan yara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disamba na 2023. A da can tunjere da kuturta suma sun rusa hancin mutane da yawa. Mai irin wannan raunin ba kunyar shiga mutane kaɗai ke damunsa ba, numfashi na yi masa wuya, yawu na zuba in leɓe ne ya tafi, ido na bushewa har ya makance in fatar ido ce ta kasa rufuwa.

To hanya biyu ce ta kai fata daga wani waje zuwa wani. Ta farko ita ce faci, a yanko fata gaba ɗaya a rabata da jiki, daga cinya ko bayan kunne ko saman ƙashin wuya, a shimfiɗa akan raunin a ɗinke. Wannan fatar bata zo da jininta ba. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko tsotsar ruwan da ke fitowa daga raunin take yi ta rayu, daga nan ƙananan jijiyoyin ƙasa su fara haɗuwa da nata, kafin sati ya cika jini ya fara zagayawa a cikinta. Kaga kenan rayuwarta gaba ɗaya ta dogara da inda aka ɗorata. In wajen nama ne ja mai jini zata kama, in kuwa ƙashi ne tsirara ko guringuntsi da aka kankare masa yanarsa, ko wajen da aka yiwa gashin na'ura don kashe cutar kansa har ya ƙeƙashe, to kamar ka yi shuka ne akan siminti.

Hanya ta biyu ita ce wadda likitoci ke cewa filaf. Nan ba'a raba fatar da jiki, ana yanka ta gefe uku a bar gefe ɗaya a manne, a ɗago ta da kitsen ƙarƙashinta da jijiyoyin jininta, wani lokaci har da tsoka, a juyo ta zuwa inda ake buƙata. Mai lambu zai fi saurin ganewa, bambancin wanda ya sare reshe ya kafa a ƙasa yana fatan ya kama ne da wanda ya lanƙwaso reshen ya binne tsakiyarsa alhali yana jikin uwar, uwar na ci gaba da shayar da shi har sai ya yi saiwarsa sannan a datse. Shiyasa filaf yake rayuwa akan ƙashi da guringuntsi, yana da kauri ya cike rami, kuma baya tsukewa sosai kamar yadda faci ke yi. Wannan tsukewar ba ƙaramar magana bace a fuska, faci in ya warke yakan ja abinda ke kusa da shi, in a gefen hanci ne ya ɗage ƙofar hancin sama, ga launinsa yakan bambanta ya zama kowa ya kalla ya san an yi liƙi. Ban ce faci bashi da amfani ba, ga tsoho mai rauni da bazai jure dogon aiki ba, ko rauni marar zurfi a saman hanci inda fata take da siriri, yana yi sarai.

Yawancin ayyukan ma ƙanana ne, da allurar kashe waje ake yinsu mutum ya tafi gida a ranar. Aro ake yi daga maƙwabta, domin ba fatar da ta kai ta kusa kama da wadda aka rasa a launi da kauri da maiƙo. Wani lokaci a jawo ta gaba kawai, wani lokaci a kewayo da ita kamar buɗe ƙofa, wani lokaci a tsallako da ita ta saman lafiyayyar fata. Akwai lissafi a ciki sosai. Wani likitan Rasha Alexander Limberg, a littafinsa na 1946, ya nuna yadda in aka mai da rauni ya zama mai kusurwa huɗu da digiri 60 da 120, za'a iya yanko irinsa a gefe ya faɗa ciki daidai kuma inda aka ɗebo ya rufu da kansa. A wajen tsinin hanci kuwa, inda fata take da tauri bata miƙuwa, akwai filaf mai kunne biyu, kunne na farko ya rufe raunin, na biyu wanda ya fi ƙanƙanta ya rufe inda aka ɗauko na farkon, shi kuma inda aka ɗauko na biyun yana can sama inda fata ke da saki sai a ɗinke kawai. Johannes Esser ne ya fito da shi a 1918, John Zitelli ya gyara shi a 1989 ya rage yawan juyawar daga digiri 180 zuwa wajen 90 ko 100 don kada fata ta tattare. Amma iyakarsa rauni da bai wuce kamar santimita ɗaya da rabi ba.

Abinda ke sa aikin fuska ya fi na sauran jiki wuya shine tana da bakin-gaɓa da basa yarda a ja su ko kaɗan. Fatar ido ta ƙasa, gefen leɓe, gefen ƙofar hanci, gira. Ka jawo fatar kunci ka ɗinke da ƙarfi ƙarƙashin ido, bayan wata biyu tabon ya tsuke ya janyo fatar idon ƙasa, jan ciki ya fito, hawaye ya dinga zuba, garin neman gira an rasa ido kenan a zahiri ba karin magana ba. Don haka likita mai hankali kafin ya ɗau wuƙa yana duba ta ina ja zai faɗa, ya karkatar da shi gefe zuwa wajen kunne, ya kuma nemi ya ɓoye ɗinkinsa a cikin layukan da fuska ta riga ta mallaka, kamar layin da ya sauko daga gefen hanci zuwa gefen baki, ko tamojin goshi. Tsofaffi sun fi matasa sauƙin aiki ta wannan fannin tunda fatarsu ta saki kuma layukan ɓoyo sun yi yawa.

Idan raunin hanci ya yi girma sai a haura goshi, kuma wannan dabara ta tsufa ƙwarai. Littafin Sushruta na ƙasar Indiya, wanda ya haura shekara dubu biyu, ya bayyana yadda ake auna hancin da aka yanke da ganye a yanko fata daidai girmansa daga kunci a barta a manne, saboda a lokacin yanke hanci hukunci ne da ake yiwa mutane. Daga baya a can Indiyan aka koma amfani da goshi. Turawan Ingila basu farga ba sai a watan Oktoba na 1794 da wata mujalla a Landan ta buga labarin wani mai tuƙa keken shanu da yake wa sojan Ingila aiki, mutanen Tipu Sultan, wani sarki a kudancin Indiya, suka kama shi suka yanke masa hanci, wani mai gyara ɗan ƙasa a yankin Pune ya auna da kakin zuma ya juyo masa fatar goshi. Wani likitan Ingila Joseph Carpue ya karanta, ya yi ta gwadawa akan gawa, sannan a 1814 ya yiwa wani hafsan soja a Landan. Italiya kuma suna da tasu hanyar tun kafin nan, Gaspare Tagliacozzi na Bologna ya wallafa ta a 1597, shi daga damtse yake ɗaukowa, a ɗaure hannun mutum a kansa da madauri kusan sati uku ba motsi. Ka yi tunanin wahalar, ba maganin barci ba maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kuma bayan duk wannan fatar damtse bata yin kama da ta hanci. Ta goshi ce ta yi nasara har yau saboda launinta da kaurinta kusan ɗaya ne da na hanci.

Yadda ake yinsa yanzu, akwai wata jijiyar jini da ke fitowa daga kusurwar ido ta ciki, ta ƙarƙashin kan gira, kamar santimita biyu daga tsakiyar goshi, ta miƙe sama. Akanta ake gina komai. Likita zai yi samfurin raunin da takardar gwangwani mai laushi, in gefe ɗaya ne ya lalace ya kwafo daga lafiyayyen gefen, ya ɗora samfurin a can saman goshi kusa da gashi ya zana, sannan ya yanko ya gangaro da siririn wuya da faɗinsa bai fi santimita ɗaya da rabi ba har zuwa gira. Siririn wuya ya fi sauƙin murɗawa ba tare da jijiyar ta shaƙe ba, kuma goshin ya fi rufuwa da kyau. Sai a juyo shi ƙasa a ɗinke kan a hanci. Goshin a haɗe shi a layi ɗaya, in can sama ya ƙi haɗuwa a barshi a buɗe ya cike da kansa cikin makonni, kuma abin mamaki wannan wajen yakan warke da kyau fiye da in an yi masa faci. Cikin sati ukun nan jijiyoyin hanci na tsirowa suna shiga sabuwar fatar, idan ta samu saiwarta sai a koma tiyata a datse tsirin, a mai da guntun gindinsa wajen gira a daidaita. Frederick Menick na Amurka ya yaɗa yin sa hawa uku ga manyan raunuka da masu shan sigari, wato a tsakiya a sake ɗaga fatar a sassaƙe kitsen da ya yi yawa a fito da siffar hanci alhali tsirin yana nan yana bada jini, sai bayan wasu makonnin a datse. Ya fi tsawo amma hancin ya fi fitowa kamar hanci.

Inda nake ganin mutane basu cika sani ba, kuma a ganina nan ne asalin gwanintar take, hanci ba fata bace kawai, hawa uku ne. Akwai shimfiɗar ciki mai laushi da danshi, akwai guringuntsi da ƙashi a tsakiya wanda shine dirkar, sannan fata ta rufe. In raunin ya huda har ciki aka zo aka rufe waje kaɗai, ranar farko zai yi kyau a hoto, amma cikin da aka bari ɗanye zai warke ta hanyar tsukewa, ya dinga jan komai ciki har hancin ya dunƙule ƙofar ta toshe. Wannan darasi ne da aka koya da wahala a jikin mutane. Harold Gillies, ɗan New Zealand da ya jagoranci gyaran fuskokin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya a asibitin Sidcup na Ingila da aka buɗe a 1917, inda aka yiwa sama da mutum 5,000 aiki, yana cikin waɗanda suka dage akan cewa dole a fara da shimfiɗar ciki. Yau ana samo ta daga bangon da ya raba ƙofofin hanci biyu, ko a kifo fatar gefen raunin ta koma ciki, ko a ninke bakin fatar goshin. Dirkar kuma daga guringuntsin wannan bangon, ko kwarin kunne wanda dama a lanƙwashe yake kamar gefen hanci kuma cire shi baya canza siffar kunnen, in ana son mai ƙarfi da yawa sai haƙarƙari. Har gefen ƙofar hanci da asali ba guringuntsi a bakinsa, in an sake gina shi sai an saka masa, in ba haka ba duk jan numfashi zai lotsa ciki.

Akwai kuma wani abu da ke tayar wa marasa lafiya hankali in an faɗa musu, likita yace zai ƙara yanke lafiyayyar fatar hanci ya faɗaɗa raunin. A 1985 Gary Burget da Menick suka raba hanci gida tara, kara, tsini, ginshiƙin tsakanin ƙofofi, bango biyu, gefen ƙofa biyu, da ƙananan wurare biyu masu laushi kusa da tsini. Suka ce in fiye da rabin gida ɗaya ya tafi, gara a cire ragowar a maye gidan gaba ɗaya. Dalili, filaf in ya warke yakan ɗan kumburo ya yi tudu, in tudun nan a tsakiyar tsinin hanci yake kowa zai ganshi kamar ƙari, amma in shine tsinin gaba ɗaya sai kumburin ya zama siffar da dama ake nema, tabon kuma ya faɗa a inda inuwa take. Ba duk likitoci suka yarda a bi wannan ido rufe ba, wasu na ganin zubar da lafiyayyar fata asara ce musamman in kansar zata iya dawowa a buƙaci fatar gobe, kuma ni ina ganin suna da hujja a kan bangon hanci da kara inda waje yake a shimfiɗe, amma a tsini da gefen ƙofa dokar na aiki.

Leɓe ma haka ake masa aro daga ɗan'uwansa, Robert Abbe ya bayyana a 1898, a yanko yanki daga na ƙasa a juyo shi cikin na sama da jijiyarsa a manne, bakin ya zauna a haɗe sati biyu zuwa uku ana sha ta bututu a gefe kafin a raba.

Idan kuwa ɓarnar ta wuce abinda fuska zata iya rantawa kanta, rabin kunci ya tafi ko muƙamuƙi, to sai a ɗauko daga nesa da jijiyoyinsa a yanke gaba ɗaya, a zo wuya ko gefen fuska a ɗinka jijiya da jijiya ƙarƙashin madubin ƙara girma, jijiyoyi masu faɗin milimita ɗaya zuwa uku da zaren da ya fi gashin kai siriri. An fara cin nasarar wannan a farkon shekarun 1970. Fatar sangalin hannu da likitocin Sin suka fito da ita tana da siriri, shiyasa ake sonta a shimfiɗar ciki, ƙaramin ƙashin ƙwauri kuma David Hidalgo ya nuna a 1989 cewa za'a iya sassaƙa shi ya zama muƙamuƙi mutum kuma ya ci gaba da tafiya. Aikin kan ci awanni da yawa, a ƙwararrun cibiyoyi sama da kashi 90 cikin 100 suna rayuwa, sai dai launinsu baya dacewa da fuska, shiyasa sau da yawa ko an yi wannan a ciki, goshi ake komawa a rufe waje.

Me ke kashe filaf? Mutane na zaton rashin shigar jini ne, alhali an fi samun matsala wajen fitarsa. Jijiyar da ke mai da jini bangonta siriri ne, ɗan murɗewa ko matsewar ɗinki ko gudan jini da ya taru a ƙasa ya isa ya toshe ta, jini na shiga baya fita, fatar ta kumbura ta yi duhu. Shiyasa kwana biyu zuwa ukun farko nas ke zuwa akai-akai tana dannawa tana taɓa ɗumin, a mai duhun fata da launi baya nunawa da wuri har a ɗan soka allura a ga jinin da zai fito ja ne ko baƙi. In an gano da wuri ana kwance ɗinki ko a koma tiyata. Kuma har yau manyan asibitoci na amfani da matsattsaku, a ɗora shi ya zuƙe jinin da ya taru, yawunsa kuma na hana daskarewa wajen ya ci gaba da tsiyaya awanni, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004, ana haɗawa da maganin ƙwayoyin cuta saboda ƙwayar da ke cikin hanjinsa. Sigari kuwa abokin gaba ne kai tsaye, nikotin na tsuke ƙananan jijiyoyin da aikin gaba ɗaya ya dogara da su, hayaƙin kuma na rage iskar da jini ke ɗauka, kuma ba'a fafe gora ranar tafiya, ana so a daina kamar sati huɗu kafin aiki a kuma ci gaba da dainawa bayansa. Ciwon suga da ba'a saita ba da rashin abinci mai gina jiki suma na ja baya.

Gaggawa ma na kashewa ta wata hanyar. In kansa ce, ba'a rufewa sai an tabbatar gefunan sun fita tas, domin in ka ɗora fata mai kauri akan ragowar kansa zata ci gaba da cin ƙasa ba wanda ya gani. Hanyar da Frederic Mohs ya faro a shekarun 1930 kenan, a yanka kaɗan a duba a madubin ƙara girma a sake yanka inda ta rage har sai ta ƙare. In noma ce, sai cutar ta mutu yaron ya murmure ya yi ƙarfi, sau da yawa ma sai an fara sakin muƙamuƙin da tabo ya ƙulle.

Bayan an gama kuma haƙuri bai ƙare ba. Kumburi na ɗaukar watanni, tabo baya nuna kamanninsa na ƙarshe sai wajen shekara, a mai duhun fata layin ɗinki na iya yin duhu ko haske fiye da kewayensa kuma dole a tambayi mutum ko jikinsa na yin tabo mai tudu kafin a fara. In goshin gajere ne aka shiga cikin gashi, gashi zai tsiro akan hanci sai an cire daga baya. Ƙananan gyare-gyare sau ɗaya ko biyu ba alamar an yi kuskure bane, cikin tsarin suke. Wanda jikinsa bazai ɗauki wannan duka ba akwai hancin roba da ake ƙerawa daidai launinsa a manna ko a maƙala da maganaɗisu, kuma ba abin rainawa bane.

Wani abu da ya kamata a gaya wa mutum tun kafin aiki don kada ya firgita, a makonnin da tsirin yake manne in ya taɓa sabon hancin a goshi zai ji taɓin, tunda jijiyar ji ta goshi ce ta biyo fatar kuma ƙwaƙwalwa bata san an yi ƙaura ba. Ranar da aka datse sai wajen ya mutu murus ba ya jin komai, dole ya kiyaye zafi da sanyi da rana don zai iya ƙonewa bai sani ba, daga nan a hankali cikin watanni jijiyoyin hancin su tsiro su shiga, ji ya fara dawowa daga gefe-gefe zuwa tsakiya, kuma wannan karon a hanci yake jinsa.